Bitamin C, E da karotin: abin da suke tsarewa a jiki, da dalilin da yawansu ba ya ƙara lafiya

Man gyaɗan da aka bari a buɗe cikin rana, bayan 'yan makonni warinsa kan canza, ɗanɗanonsa ya koma ɗaci-ɗaci. Ƙusar da ruwa ya taɓa takan yi tsatsa. Duka biyun aikin iskar oksijin ne, iskar da ba ma iya 'yan mintoci babu ita. Irin wannan ɓarnar tana faruwa a cikin jikin ɗan Adam dare da rana, kuma a kanta aka gina kasuwar ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan antioksidan, wato masu tare ɓarnar oksijin, waɗanda yanzu suka cika kantocin kemis da shafukan sada zumunta. Asalin maganar gaskiya ce. Abin da aka ɗora a kanta ne ke buƙatar tankaɗe da rairaya.

Mene ne firi radikal?

Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwayar zarra kuma tana da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ake kira elektiron. Ƙa'idarsu zama bibbiyu. Duk sinadarin da elektiron ɗinsa guda ya rasa abokin zama, shi ake kira firi radikal. Ba ya samun natsuwa sai ya fizgo elektiron daga abin da ke kusa da shi, ko kitse ne, ko furotin, ko ƙwayar gado. Wanda aka fizga daga gare shi kuma sai shi ma ya zama mai neman na wani.

Mafi yawansu a cikin jiki ake haifar su. Kusan kowace ƙwayar halitta tana da 'yan injuna da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona abinci a samu kuzari. A ƙarshen aikin, kowace oksijin guda sai ta karɓi elektiron huɗu kafin ta zama ruwa. Wani lokaci elektiron ɗaya kan zille ya faɗa mata tun kafin lokaci, sai a samu sinadarin sufa'oksaid. Abin da ke zillewa kaɗan ne, bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, wasu ma'aunan ma sun nuna ƙasa da haka sosai, amma tunda aikin ba ya tsayawa, ƙanƙantarsa ba ta hana shi taruwa.

Sufa'oksaid kan rikiɗe ya zama haidurojin feroksaid, wanda ake wanke rauni da shi a asibiti. Shi kansa ba radikal ba ne. Amma in ya gamu da sinadarin ayon, wato ƙarfe, ko na tagulla da ke yawo a sake, sai ya fashe ya haifi radikal ɗin haidiroksil, mafi ɓarna a cikinsu, wanda ke afka wa duk abin da ya fara cin karo da shi. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Henry Fenton, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa ta ayon da feroksaid a 1894. Shi ya sa jiki ba ya barin ayon a sake: a jini yana ɗaure jikin wani furotin, a hanta yana kulle cikin wani.

Daga waje kuma akwai hayaƙin taba, da hayaƙin icce da gawayi a madafa marar taga, da na janareto da ababen hawa, da giya, da zafin hasken rana a kan fata, da man suyar da aka yi ta maimaitawa.

Inda ɓarnar ta fi saurin yaɗuwa shi ne fatar da ke lulluɓe da kowace ƙwayar halitta, domin da kitse aka yi ta. Radikal guda ya taɓa kitse guda, wannan ya haɗu da oksijin ya taɓa na kusa da shi, haka abin zai yi ta tafiya kamar gobarar hunturu a unguwar da rufinta duk ciyawa ne. Wannan ne ke ɓata man gyaɗan nan. A cikin jijiya kuma, idan kitsen da jini ke ɗauke da shi ya lalace ta wannan hanya, yana daga cikin abin da ke taruwa a bangon jijiya har ta ƙuntace.

A 1954 wata masaniya 'yar Ajantina, Rebeca Gerschman, ta nuna cewa gubar oksijin mai yawa da ɓarnar hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi hanyarsu ɗaya ce. A 1956 Denham Harman na Amurka ya ce tarin wannan ɓarna ne ke kawo tsufa. Daga nan tunanin ya samo asali: in radikal ke tsufar da mutum, to a sha abin da zai kashe su.

Ba duka ne abokan gaba ba

Abin da talla ba ta faɗa shi ne jiki da gangan yake ƙera wasu radikal. Fararen ƙwayoyin jini, idan suka haɗiye ƙwayar cuta, sufa'oksaid suke feso mata, su mayar da shi feroksaid, har su haɗa sinadari irin na bilicin wanki su kashe ta. Akwai yaran da ake haifa ba su iya ƙera sufa'oksaid ɗin, kuma rayuwarsu takan kasance cikin marurai da ciwon huhu da ba sa ƙarewa. Sinadarin naitirik oksaid, wanda ke sa jijiyoyin jini su saki jiki har hawan jini ya sauka, shi ma radikal ne; mutum uku suka samu lambar Nobel a 1998 saboda gano aikinsa. Idan mutum ya motsa jiki, radikal ɗin da tsoka ke fitarwa su ne saƙon da ke sa ta ƙara ƙarfi ta kuma ƙara jin insulin, sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin tsoka.

Saboda haka abin da jiki ke nema shi ne daidaito. Cuta tana zuwa ne idan radikal suka rinjayi masu tsaro na tsawon lokaci.

Masu tsaron gida, sannan na abinci

Layin farko na tsaro ba bitamin ba ne, enzayim ne, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, da jiki ke ƙerawa da kansa. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich na Jami'ar Duke suka gano wanda ke mayar da sufa'oksaid feroksaid. Yana aiki da tagulla da zinki, wani nau'insa da manganis. Wani, katales, ya mayar da feroksaid ruwa da oksijin. Na uku yana aiki da sinadarin seleniyam da gulutatayon, wani mai tsaron da jiki ke haɗawa, ya share feroksaid da lalataccen kitse. Enzayim guda yana maimaita aikinsa sau dubbai a daƙiƙa ba tare da ya ƙare ba. Wannan ne ya sa wanda abincinsa ba shi da isasshen furotin da zinki da seleniyam, ko an ɗura masa bitamin C bai gyara tushen matsalar ba. Babba na buƙatar maikurogiram 55 na seleniyam a rana, kuma kifi da ƙwai da nama da hatsi sukan biya.

Bitamin E yana narkewa a mai, don haka mazauninsa cikin fatar ƙwayar halitta ne, daidai inda gobarar kitse ke tashi. Idan radikal ɗin kitse ya zo, bitamin E ya miƙa masa abin da yake nema, sai sarƙar ta tsinke. An gano shi a 1922 a Kalifoniya, ta hannun Herbert Evans da Katharine Bishop. Nau'insa takwas ne, amma hanta guda take zaɓa ta riƙe, alfa-tokoferol. Babba na buƙatar miligiram 15 a rana, mai shayarwa 19. Giram 100 na gyaɗa na da kimanin miligiram 8. Cokalin cin abinci na man gyaɗa ko na manja yana da kimanin 2. Na man furen rana ya haura 5. Ƙarancinsa har ya kai ga cuta ba kasafai ake gani ba, sai a bakwaini da waɗanda hanjinsu ba ya iya tsotse mai, kuma yakan bayyana ne da fashewar jajayen ƙwayoyin jini da lalacewar jijiyoyin laka.

Bayan bitamin E ya yi kyautarsa, shi ma ya zama radikal, sai dai mai sanyin hali. A nan bitamin C ke shigowa. Shi a ruwa yake narkewa, yana cikin jini da ruwan ƙwayar halitta, sai ya zo bakin fatar ya mayar wa bitamin E abin da ya rasa. Bitamin C kuma gulutatayon ke farfaɗo da shi, gulutatayon kuma daga sukarin da jiki ke ƙonawa yake samun nasa. Aikin na miƙa-miƙa ne. Wanda ya cika mahaɗa ɗaya da ninki hamsin bai ƙara wa sauran sauri ba.

Akuya da saniya suna ƙera bitamin C a hantarsu. Mutum ba ya iyawa, dole sai ya ci. Kuma aikinsa ya wuce tare radikal: da shi ake ɗinka kolajin, furotin ɗin da ke riƙe fata da dasashi da bangon jijiya. Wanda ya yi wata ɗaya zuwa uku yana samun ƙasa da miligiram 10 a rana, dasashinsa zai kumbura yana jini, rauni ya ƙi warkewa, gaɓoɓi su yi ciwo, ga kasala. Wannan cutar ce ta yi ta kashe matuƙan jiragen ruwa, har likitan nan James Lind ya gwada lemo a kan wasu daga cikin majinyata 12 a 1747. Har yau tana ɓulla a sansanonin gudun hijira inda hatsi da mai kawai ake rabawa.

Ma'aunin Amurka ya ce namiji na buƙatar miligiram 90 a rana, mace 75, mai ciki 85, mai shayarwa 120, mai shan taba kuma a ƙara masa 35. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a 45 ga babba. Ko wanne aka ɗauka, biyansa ba wuya: giram 100 na gwaba ya haura miligiram 200, jan tattasai ɗanye ya haura 120, gwanda kusan 60, lemun zaƙi madaidaici guda kusan 70, mangwaro 36, ɗanyen ganyen zogale kimanin 50, tumatir 14. Farin garin 'ya'yan kuka, wanda ake kwalba da nono da shi, ya ninka lemo sau da yawa, haka ma 'ya'yan yazawa.

Ga abin da ya kamata mai sayen ƙwayar miligiram 1000 ya sani. Daga miligiram 30 zuwa 180 a rana, hanji na tsotse kashi 70 zuwa 90. In aka haura giram guda, abin da ake tsotsa ya faɗo ƙasa da rabi. Jini kuma yakan cika a wajen miligiram 200 zuwa 400 a rana, abin da ya hau kai ƙoda ce ke zubar da shi a fitsari.

Na uku shi ne beta-karotin, launin da ke cikin karas da kabewa da mangwaro da manja, wanda kuma ke ɓoye ƙarƙashin koren alayyafo da zogale da rama. Yana kwantar da wani nau'in oksijin mai zafin kai da hasken rana ke tayarwa. Amma babban amfaninsa da aka tabbatar a jikin mutum shi ne hanji na mayar da shi bitamin A gwargwadon buƙata. Maikurogiram 12 na karotin ɗin abinci ke ba da 1 na bitamin A. Namiji na buƙatar 900 a rana, mace 700, kuma karas madaidaici guda na ba da kimanin 500. Karotin ɗin abinci ba ya zama guba. Iyakarsa tafin hannu ya yi ruwan ɗorawa, ya washe in an rage.

Da aka gwada a kan dubban mutane

Tun kafin 1990 an lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace sun fi ƙarancin kansa da ciwon zuciya, kuma jininsu ya fi yawan karotin da bitamin E. Sai aka ce, to a ware sinadaran a zuba a ƙwaya.

A Finlan aka tara maza 29,133 masu shan taba, 'yan shekara 50 zuwa 69. Wasu aka ba su miligiram 20 na beta-karotin kullum, wasu bitamin E, wasu duka biyun, wasu ƙwayar da babu komai a ciki. Da sakamakon ya fito a 1994, kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a masu shan karotin, mace-mace kuma da kashi 8. A Amurka aka yi wani a kan mutum 18,314, mashaya taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, da miligiram 30 na karotin haɗe da bitamin A. A Janairun 1996 aka dakatar da shi tun kafin wa'adinsa, domin kansar huhu ta ƙaru da kashi 28, mutuwa da kashi 17. Wani gwajin a kan likitoci maza 22,071, waɗanda akasarinsu ba sa shan taba, ya ɗauki shekara 12 bai nuna amfani ko illa ba.

Bitamin E ma haka. A Birtaniya mutum 20,536 masu haɗarin ciwon zuciya sun sha haɗin miligiram 600 na bitamin E, 250 na C da 20 na karotin har shekara biyar. Jininsu ya cika da bitamin, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ragu ba. Gwajin maza 35,533 da aka yi don kare su daga kansar furosteti, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya nuna a 2011 cewa masu shan bitamin E mai lamba 400 sun fi kamuwa da kashi 17. An gwada miligiram 1000 na C da bitamin E a kan masu ciki don hana hawan jinin da ke kai ga jijjiga, bai hana ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa su cikin abin da ake ba mai awon ciki. A 2012 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta haɗa gwaje-gwaje 78 da suka ƙunshi mutum kusan 297,000, ta ga ƙwayoyin ba su tsawaita rai ba, karotin da bitamin E ma kamar sun ɗan ƙara mace-mace. A 2022 kwamitin rigakafi na Amurka ya ba da shawarar kada a sha waɗannan biyun da niyyar kare kai daga kansa ko ciwon zuciya.

Me ya kawo haka? Na farko adadi. Abinci kan ba mutum 'yan miligiram na karotin, a hankali, tare da ɗaruruwan sinadarai. Ƙwaya ta ninka matakinsa a jini sau goma ko fiye. A huhun da ke cike da oksijin da hayaƙi, ana ganin karotin mai yawa kan farfashe ya koma abin da ke rura wutar. Bitamin C ma idan ya gamu da ayon a sake, mayar da shi yake yi irin wanda ke haifar da haidiroksil. Na biyu, radikal na daga cikin makaman da jiki ke kashe ƙwayar da ta fara lalacewa, kuma ƙwayar kansa ma tana amfana da mai kare ta. Na uku, toshe saƙo: wani ƙaramin gwaji a Jamus a 2009 ya nuna samarin da ke motsa jiki suna shan miligiram 1000 na C da bitamin E sun rasa ƙarin jin insulin da takwarorinsu suka samu. Na huɗu, kuma a ganina shi ne mafi nauyi, karotin ɗin da aka gani a jinin masu lafiya alama ce ta irin abincin da suke ci. Ganye da wake da 'ya'yan itace suna zuwa da harza da fotasiyam da folet, kuma suna maye gurbin wani abincin da ya fi su illa.

Haka zancen lambobin "ƙarfin antioksidan" da ake liƙa wa shayi da garin ganye yake. A kwalbar gwaji ake auna su, kuma akasarin sinadaran hanji ba ya tsotsarsu sosai, hanta kuma ta sauya abin da ya shiga. Ma'aikatar Noma ta Amurka da kanta ta janye jadawalin waɗannan lambobi a 2012 saboda yadda ake amfani da shi wajen talla. Zoɓo da zogale abinci ne masu kyau ko babu wannan lambar.

Inda ƙwaya ke da gurbi

A gundumar Linshiyan ta ƙasar Sin, inda abinci ke da rauni ƙwarai, an ba mutum kusan 30,000 ƙarin sinadarai iri-iri. Waɗanda suka samu haɗin seleniyam da bitamin E da karotin, mutuwarsu ta ragu da kashi 9, mutuwa ta kansar ciki kuma da kashi 21. Ƙari yana aiki ne a inda akwai giɓi. Wani gwajin ido a Amurka a 2001 ya nuna haɗin miligiram 500 na C, bitamin E, karotin, miligiram 80 na zinki da 2 na tagulla ya rage tsanantar wata cutar tsakiyar ido ta tsofaffi da kimanin kashi 25, amma ga waɗanda cutar ta riga ta kai matsakaicin mataki. Daga baya aka cire karotin daga haɗin saboda mashaya taba.

A ƙasashenmu giɓin da ya fi fitowa fili na bitamin A ne a yara. Yana farawa da dundumi, ya kai ga bushewar ido da makanta, ya kuma sa ƙyanda da gudawa su fi kisa. Ɗigon bitamin A da ake ba yara a makon lafiyar mata da yara ba ya cikin waɗancan ƙwayoyin da gwaji ya kayar, kuma kada wani ya haɗa su. Ma'auni 100,000 ne ga ɗan wata 6 zuwa 11, sai 200,000 duk bayan wata huɗu zuwa shida ga ɗan wata 12 zuwa 59. Najeriya ta wajabta ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa tun 2002, alamarsa hoton ido a jikin leda ko galan. Sai dai haske na lalata shi, don haka man da aka juye a farar roba aka jera a rana ya yi asarar wani kaso kafin ya iso tukunya.

Game da mura: shan bitamin C kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa, yana dai rage tsawonta da kimanin kashi 8 a manya, 14 a yara. Farawa bayan mura ta riga ta kama bai nuna wani tasiri tabbatacce ba.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Iyakar bitamin C ga babba miligiram 2000 ce a rana. Sama da haka sai gudawa da murɗar ciki. Jiki na mayar da wani ɓangarensa sinadarin okzalet, shi ya sa mai tarihin tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda ya guji manyan ƙwayoyi. Masu narkewa a ruwa suna kumfa kuma suna ɗauke da gishirin sodiyam, abin lura ga mai hawan jini. Mai sikila da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa, ayon ya riga ya taru a jikinsa, kada ya wuce adadin da likitansa ya rubuta. Bitamin E mai yawa na hana jini daskarewa, haɗari ne ga mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin da wanda za a yi wa tiyata. Bitamin A na ƙwaya, saɓanin karotin, taruwa yake a hanta. Iyakarsa maikurogiram 3000 a rana, kuma yawansa a farkon ciki na iya nakasa ɗan tayi. Mai shan taba, ko wanda ya daina, ya duba jikin kwalba ya tabbatar babu beta-karotin mai yawa.

Akwai kuma wani lamari na gado da ya zama ruwan dare a Afirka ta Yamma, musamman a maza: ƙarancin enzayim ɗin G6PD, wanda ya shafi mutum kimanin miliyan 400 a duniya. Shi ke samar wa jajayen ƙwayoyin jini abin da suke farfaɗo da gulutatayon da shi. Mai wannan ƙaranci lafiyarsa ƙalau, har sai ya gamu da abin da ke tayar da radikal da yawa, kamar maganin firimakwin, ko wasu magungunan salfa, ko ƙwallon kafur da ake sawa a akwatin kaya. Sai jininsa ya farfashe, fitsari ya yi duhu, ido ya yi ɗorawa. Kayan jariri da aka adana da kafur na iya jawo masa shawara mai tsanani da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Bitamin C mai yawa ta jijiya shi ma yana fasa jinin irin waɗannan mutane. Wannan kaɗai ya isa dalilin guje wa ƙarin ruwan gulutatayon da bitamin C da ake yi a shagunan gyaran jiki don hasken fata, ba tare da gwajin jini ba.

A madafa ake asarar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, ban da dankali da rogo da doya. Wanda ya samu haka, bitamin C da karotin ɗinsa sun biya. Amma tsakanin kasuwa da akushi abu da yawa na salwanta, kuma bitamin C ne ya fi shan wahala, domin zafi da ruwa da iska da kanwa duk suna cin sa.

Kanwa ce babbar matsala. Tana sa ganye ya yi laushi ya tsaya kore shar, amma tana rusa bitamin C, tare da bitamin B1. Zogalen da aka dafa da kanwa, aka tsiyaye ruwan, aka matse, abin da ya rage masa na bitamin C kaɗan ne, ko da yake karotin ɗinsa na nan da dama. Gyaran mai sauƙi ne: a wanke ganye kafin a yanka, a yanka dab da sawa a wuta, ruwa kaɗan da ya riga ya tafasa, a rufe tukunya, a sauke da zarar ya yi laushi. Tafasa a ruwa mai yawa na iya kwashe rabi ko fiye, kuma akasarinsa yana cikin ruwan da ake zubarwa. Alayyafon miya a sa shi a mintocin ƙarshe. In an haɗa kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir da tattasai da albasa, a matsa lemun tsami bayan ya huce. Miyar da aka ɗumama sau biyu ko uku kuwa, kada a lissafa ta cikin masu ba da bitamin C.

Shanya a rana na kashe kusan dukkan bitamin C da babban kaso na karotin. Kuka da zogale da kuɓewa da aka shanya a inuwa mai iska sun fi riƙe launi da karotin, a kuma adana garin a mazubi mai murfi da haske ba ya ratsawa. A watannin da miya ta koma busasshen tumatir da kuka, sai a nemo bitamin C daga ɗanyen abu: lemo da gwaba a lokacinsu, mangwaro da yazawa da bazara, garin 'ya'yan kuka a jiƙa shi a ruwan sanyi ko a zuba a kunu bayan ya huce.

Karotin halinsa daban. Dahuwa kaɗan na sake shi daga jikin ganye, kuma ba ya shiga jini sai da mai. Kimanin cokalin shayi guda a abinci ya wadatar, shi ya sa ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa a kwaɗo suke da muhimmanci. Jan manja na cikin abinci mafi yawan karotin a duniya, cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ya kusa biya wa ƙaramin yaro buƙatarsa ta rana. Amma in aka ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi jansa ya washe, karotin ɗin ya tafi tare da launin. Dankalin Hausa mai jan ciki ma ya fi farin nesa ba kusa ba.

Man suyar ƙosai da awara da dankali, duk zagayen da ya yi a wuta yana cinye bitamin E ɗinsa yana tara lalataccen kitse. A tace shi bayan kowace suya, a rufe, a ajiye a inuwa, kada a bari ya yi hayaƙi. Idan ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa, ko warinsa ya canza, a zubar. Ƙara sabo a kan tsoho saurin lalata sabon yake yi.

Ga mata da yara da ƙarancin jini ya yi wa yawa, bitamin C na da wani aikin da ya fi tare radikal amfani a zahiri: yana ninka ayon ɗin da hanji ke tsotsa daga wake da gero da ganye, in an ci su a zama ɗaya. Miligiram 25 zuwa 50 ya isa a ga bambanci, wato rabin lemo ko ɓarin gwaba bayan shinkafa da wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci.